Baƙuwa Za Ta Kwana a Gidan Cleto

Juma'a, 4 ga Oktoba 1985, da hantsi

Yau ma ban je fasa kwakwa ba. Gatarina yana jingine a bayan ƙofa tun ranar Talata, Onofre sai damuna yake yi wai tsatsa za ta cinye shi. Na ce masa ai shi ma tun bara yake jingine a gidan nan, ban ga abin da ya cinye shi ba. Ya yi dariya. Mijin nan nawa ko a gidan makoki sai ya sami abin dariya.

Shekaranjiya muka binne Deusdete, wanda aka harbe ranar Talata. Ba Fada, ba ƙararrawa. Valdeci, shugaban ƙungiyar manomanmu, shi ya karanta addu'a cikin fushi. Zuleide ba ta yi wa mijinta kuka a gaban mutane ba. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, tun daga ranar muke ce wa juna komadre, amma da na kama hannunta a bakin kabari sai ta zare shi a hankali. Ban ga laifinta ba. Ni ce yayar Anacleto, wanda muke ce wa Cleto, kuma duk ƙauyenmu Tiburcio ba wanda bai san a wane gefen wayar shingen Kanar ƙanena ya tsaya ranar Talata ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, da yamma

Komai ya tsaya a ƙauyen nan ban da Baƙuwa. Ɗazu na hango ta ta wuce a hannun tsoho Firmino, cikin ɗan akwatinta na katako mai ƙofar gilashi, da shuɗin mayafinta da ya koɗe. Ɗan mutum-mutumin Uwa Maryamu ne, amma tun muna yara Baƙuwa muke ce mata, tunda ba ta da ɗakin kanta, kullum a gidan wani take kwana.

Kowane gida da ranarsa a wata. Za ta iso maka da yammacin ranarka, ta kwana, kashegari da yamma kai maigida ka rungumo ta ka kai ta gida na gaba. Ka shiga, ku yi addu'a tare, a ba ka kofi. Ba a ajiye ta a ƙasa, kuma ba mai karɓar ta daga hannunka sai ɗan gidan da ka kai wa. Inna ce ta riƙe zagayen har ta rasu, ni na gada.

Ashirin da shida gidan Valdeci. Ashirin da bakwai gidan Inna, inda Cleto ke zaune da iyalinsa. Ashirin da takwas gidan Deusdete. Gidan Zuleide ya kamata in ce.

Wato Valdeci zai kai wa Cleto, Cleto ya kai wa Zuleide. Tun jiya abin nan ya tsaya min a ƙirji.

Litinin, 7 ga Oktoba, da rana

Mun yi addu'ar bakwai a gindin mangwaro. Na zauna can baya. Ba wanda ya ce in koma baya, ni na kai kaina.

Ina zaune sai Fada Egidio ya faɗo min a rai. Na tuna ranar da ya fara zuwa, babur ɗinsa ya kafe a taɓo, ya ƙarasa da ƙafa, silifas ɗaya a hannu, gemu duk laka, yana magana da harshenmu a karkace irin na mutanen Italiya. Kafin shi, Fada sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya ce mu yi haƙuri ladanmu na sama, ya wuce gidan Kanar cin kaza. Kanar ɗin da bai taɓa sa kayan soja ba, shanu ne suka ba shi muƙamin.

Shi kuwa Fada Egidio duk Laraba sai ya tara mu a gindin mangwaron nan, ya karanta ɗan kaɗan daga Littafi Mai Tsarki, ya rufe, ya ɗora a gwiwa, ya ce, "To, a ina kuka taɓa ganin wannan?" Da farko shiru muke yi. Wa ya taɓa tambayarmu abin da muka gani? Ran nan ya karanta labarin sarkin da ya yi kwaɗayin lambun wani talaka har ya sa aka kashe shi. Sai Deusdete, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya cire hularsa ya ce, "Fada, ai wannan sarkin na san shi. Jiya ya wuce nan a jif." Muka yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya muka yi tsit, kowa na kallon ƙasa. A ranar Fada ya ce mana Allah ba talauci yake so ba, talaka yake so, kuma abu biyu ne daban.

A gindin bishiyar nan na koyi rubutu ina da shekara arba'in. Ina kewar Larabobin nan, ina kewarsu ƙwarai. Bara Bishop ya mayar da Fada wani wuri mai nisa, a bara ɗin kuma Kanar ya zagaye dajin kwakwa da waya mai ƙaya ya ce nasa ne, yana da takarda.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan taro

Abin da nake gudu ya zo. Valdeci bai ko buɗe Littafi ba, ya miƙe tsaye.

"Dona Joventina, ba da ke nake ba, ke uwa ce. Amma gara a yi ta a fili. Mun je yanke waya don matanmu su sami hanyar kwakwa, ba mu riƙe ko sanda ba. Wa ya haƙa ramukan shingen nan? Wa ya riƙe wa mutanen Kanar dawakai ranar Talata? Fada ya koya mana Allah ya zaɓi gefen talakawa. Waya gefe biyu gare ta, Cleto ya zaɓi nasa. Ni ba zan ɗauki Uwar talakawa in kai ta gidan karen Kanar ba. A tsallake shi."

Na ce, "Valdeci, ni na yi maka wankan farko, ka rage murya. Cleto attajiri ne? Ka shiga gidansa ka buɗe tukunya, ka zo ka faɗa min gefen da yake."

"Talaka ma yana sayar da ɗan'uwansa."

"Yana yi. Amma tun kafin a haifi ubanka ba a taɓa tsallake gida ba. Ko lokacin da Chico Mashayi ya fasa wa surukinsa kai ba a tsallake shi ba."

"Surukin nasa ya tashi. Deusdete fa?"

Sai Onofre, da na ɗauka gyangyaɗi yake, ya ce daga inda yake zaune, "In dai za a tsallake duk gidan da ya taɓa cin naman Kanar ranar zaɓe, to Baƙuwa sai dai ta kwana a kan mangwaro." Wasu suka yi dariya, wasu suka harare shi. Aka tashi ba a yanke komai ba. Zuleide ba ta zo ba.

In aka tsallake gidan Cleto, an cire shi daga cikinmu ke nan. Ba mai zuwa masa gayya, ba mai riƙe masa jariri, ba mai ɗaukar gawarsa. Kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya faɗa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Cleto ya wuce ta ƙofar gidana a kan dokin Kanar. Bai waiwayo ba, ni ma na ci gaba da tsince shinkafata.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Na ɗauki gatari na bi mata. 'Yan itatuwan da suka rage a gefenmu ba su da yawa, muka yi ta yawo a rana kafin mu cika kwanduna. Na zauna na danne ƙotar gatari da ƙafa, kaifin na kallon sama, na ɗora kwakwa na sauke mata kulki. Hannu bai manta ba. Amma ba a yi waƙa ba, ba a yi gulma ba. In na ɗaga kai sai in ga ana kawar da ido.

A da dajin nan ba shi da iyaka. Mukan fita da sanyin safiya, Inna a gaba, ni a baya da Cleto a kwankwasona, kansa ya fi ƙarfin wuyansa. In ya yi kuka sai in tauna masa ƙwayar kwakwa in sa masa a baki. Da rana a baje garin rogo da busasshen kifi a kan ganye, kowace ta sa hannu a na kowace. Da yamma mu kai ƙwaya kanti a ba mu kofi da kananzir, ɓawon kuma mu yi gawayi. Talauci ne, ba na cewa ba talauci ba ne. Amma ba wanda ya taɓa ce mana kwakwar da ta faɗo ƙasa da kanta tana da ubangida.

Cleto har ya yi shekara bakwai ba ya barci sai ya riƙe gefen rigata.

Litinin, 14 ga Oktoba, da rana

Sajan ya zo daga gari. Ya sha ruwa, ya ci yazawa, ya yaba zaƙinta. Mutanenmu suka ce ƙura ta tashi, kowa na gudu, sun ji ƙara amma ba su ga hannun da ya ɗaga ba. Ya tambayi Cleto, tunda shi ne a tsaye daf da su. Cleto ya ce shi dawakai yake kallo. Sajan ya ce madalla, ya tafi da yazawa cike da hula.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Na je gidan Inna. Har yanzu haka nake ce masa. Bishiyar lemon da ta dasa na nan, turmin na nan inda ta bar shi. Matar Cleto, Nazaré, ta ce min tun ranar nan ba wadda ta leƙo ta, ko aron gishiri. Ta dafa shinkafa da miyar yakuwa, ba kifi, ba komai.

Shi yana bayan gida yana ɗinkin sirdi. Bai ɗago ba.

"Yaya, kin zo ki tofa taki?"

"Na zo in ga ko kana da rai."

"Ga ni."

Na zauna a kan turmi. Ya ja zare, ya ja, can ya ce, "Shekara biyu a jere shanunsa suka cinye min shinkafa. Ƙungiya ta yi taro, ta yi waƙa, ta yi addu'a. 'Ya'yana ba sa cin waƙa, Yaya. Ya ce in zo in haƙa rami, na haƙa. Rami ne kawai."

"Dawakan fa?"

"An ce in riƙe."

"Ka ga abin da ya faru."

Sai a sannan ya ɗago. Idonsa ya faɗa, kamar na wanda zazzaɓi ya daɗe a jikinsa. Ya ce, "Ranar da na buɗe bakina, ranar na gama zaman garin nan. Ko a mota, ko gawata a ragar kwanciya a kafaɗar mutum biyu. Kin sani." Na ce na sani. Ya ce, "To ki tsallake ni. Kada ki kawo ta. In ta shigo nan, kashegari ni zan kai ta can. Da wane ido zan tsaya a ƙofar Zuleide?"

Na ce ban zo neman shawararsa ba. Na fito raina a ɓace, ban san ko da shi nake fushi ko da Valdeci ba. Su biyun da ba sa ga maciji, ga shi bakinsu ya zo ɗaya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da hantsi

Ba na jin yin komai. Na tafasa kofi na manta shi a wuta.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan sujada

Sabon Fada ya zo, Fada Honorio. Yaro ne, takalminsa na ƙyalli. Ya yi huɗuba a kan zaman lafiya, ya ce coci ba filin siyasa ba ne, bai ambaci sunan Deusdete ba. Na tare shi kafin ya shiga mota na faɗa masa zancen Baƙuwa. Ya duba agogo ya ce, "Ku yi yadda kuka saba, 'yata. Ai al'ada ce kawai, ba ruwanta da rigimar gona." 'Yarsa! Na haifi wanda ya girme shi. Ban taɓa jin haushin wanda ya goyi bayana irin na yau ba.

Fada Egidio ma da farko bai ɗauki Baƙuwa da muhimmanci ba. Ya taɓa ce wa Inna, "Kuna saya mata furannin takarda, 'ya'yanku ba takalmi." Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Fada, kai sau ɗaya ka shiga gidan nan, kuma sai da muka yi shara. Ita ta kwana a kowane gida, ta san tukunyar da ba a ɗora ba." Watan da ya biyo Fada ya rataya ragarsa ta kwanciya a kafaɗa ya bi Baƙuwa, inda ta kwana ya kwana, abin da aka ci ya ci. Ya gama zagayen wandonsa na zamewa. Inna ta yi ta yi masa tsiya, shi kuma ya ce a watan nan ya yi karatun da bai yi a makarantar limamai ba.

Da yana nan da na san abin da zai yi. Ba zai ba ni amsa ba. Zai rufe Littafi ya ɗora a gwiwa ya zuba min ido.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Na yi ta maza na je wurin Zuleide. Tana tsakar gida tana tankaɗen gari. Hular Deusdete na rataye a ƙusa. Na kai mata gawayi, ta ce an gode, ba ta ce in zauna ba, na zauna.

Na ce, "Komadre, saura kwana kaɗan ranarki."

"Na sani."

"Kin san daga hannun wa za ta zo."

"Na sani."

"Me kike so a yi?"

Ta ci gaba da tankaɗe har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Ke ce mai zagaye, komadre. Ni ban ce a tsallake ba, ban ce a kawo ba. Kowa zuwa yake yana faɗa min abin da Deusdete zai ce da yana raye. Valdeci ya faɗi nasa, ke ma na san kin zo da naki. Shekara ashirin da biyar ina tare da mutumin nan ban taɓa sanin abin da zai fito daga bakinsa ba, ku ne kuka sani?"

Gaskiyarta. Na zo da nawa, na koma da shi.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Ban je taro ba. Na ce wa Onofre kaina ke ciwo. Ya ce, "Tsohuwa, kan naki duk Laraba yake ciwo yanzu?" Na jefe shi da ɓawon rogo.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da rana

An fara ƙona gonaki, hayaƙi ko'ina. Inna, da ke ce, me za ki yi?

Lahadi, 27 ga Oktoba, da magariba

Tun ƙarfe huɗu na zauna a ƙofar gida ina kallon hanyar gidan Valdeci. Ba motsi. Da rana ta fara sanyi na ɗaura ɗankwali na je.

Baƙuwa na kan teburinsa, kyandir a gabanta. Ya ce, "Za ta ƙara kwana a nan. Gobe ni da kaina zan kai wa Zuleide."

Na ce, "Yau ashirin da bakwai."

"Na faɗa a taro, ba zan kai ba."

"To ba ka da lafiya ke nan. In maigida ya kwanta ciwo, mai zagaye ce ke ɗauka. Haka aka saba."

"Lafiyata ƙalau."

"Ni na ga ba ka da ita. Allah ya sawwaƙe." Na miƙa hannu na ɗauke ta.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Ya ce, "Dona Joventina, jini kike bi, ba gaskiya ba." Na ce, "Wataƙila. Amma kai kake cewa Uwar talakawa ce. Ni ban san uwar da ke zaɓen ɗan da za ta leƙa ba, kuma wanda ya fi lalacewa shi ya fi bukatar a leƙa shi. In kuma kana son a hukunta Cleto, to ka bar ta ta shiga. Tsallakewar ita ya roƙa." Matarsa ta ja shi ta hannun riga, ya matsa.

Ta fi yadda na sani nauyi. Mutane na tsaye a ƙofofinsu, ba wanda ya biyo ni, ban da Onofre da ke jan ƙafa a baya yana rera waƙar da ba ya tuna baitocinta.

Nazaré ta share gida, ta yanko furen lemo ta sa a kwalba. Ashe tana jira. Cleto ya fito ya tsaya, hannuwansa a baya. Na ce, "Karɓi, hannuna ya gaji." Ya ce, "Yaya, me na yi miki?" Na ce, "Karɓi, Cleto." Ya goge tafukansa a wando ya karɓa. Ya ɗora ta a kan teburin da Inna ke ɗora ta. Muka ja carbi, shi bakinsa bai motsa ba. Kofin Nazaré ruwa-ruwa ne, na sha duka.

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Ko zai kai? In bai kai ba, ni na jawo masa abin da ya fi tsallakewa muni.

Litinin ɗin dai, bayan faɗuwar rana

Ya kai.

Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ba hula, ba takalmi. Ya rungume ta a ƙirji ya bi tsakiyar hanya. Ni ina biye daga nesa. Kafin ya isa, rabin ƙauye ya taru a gindin mangwaro, inda ake hango ƙofar Zuleide.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Ba a amsa ba. Daga bayan gida ana jin bugun kulki, tana fasa kwakwa. Ya sake sallama. Bugun bai tsaya ba.

Haka ya tsaya. Rana na dukan ƙeyarsa, rigar ta manne masa a baya. Ba zai ajiye ta a ƙasa ba, ba kuma mai ikon karɓar masa. Na ga nauyin ya fara rinjayar hannuwansa, gilashin akwatin na ƙara. Sau biyu na ɗaga ƙafa zan je, Onofre ya riƙe ni. Ban taɓa jin tausayin mutum da fushi da shi a lokaci ɗaya kamar yau ba. Inuwar gidan ta miƙe har ta taɓa ƙafarsa, yana tsaye.

Sai bugun ya tsaya. Zuleide ta zagayo da gatarinta a hannu. Ta jingine shi a bango, ta kakkaɓe siket, ta zo gabansa. Ba ta miƙa hannu ba.

Ta ce, "Anacleto."

"Na'am, Dona Zuleide."

"Ka ce wa sajan dawakai kake kallo."

"Na ce."

"Ga ta nan a hannunka. Faɗa a gabanta. Wa ya harbe min miji?"

Na so in yi ihu in ce kada ya faɗa. Ni da na kai masa ita da hannuna, na so in ce ya yi shiru ya juya. Ya dubi akwatin, ya dubi Zuleide, ya faɗi sunan. Da ƙarfi ya faɗa, har gindin mangwaro an ji. Ya faɗi wanda ya ba da umarni, da inda yake tsaye. Ba zan rubuta a nan ba.

Zuleide ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi Baƙuwa. Hannuwan Cleto suka kasa sauka, suka tsaya a lanƙwashe.

Ta ce, "Za ka maimaita a gaban alƙali?"

"Zan maimaita."

"Shigo ka sha kofi. Ba don na yafe ba."

Ya shiga. Ban bi su ba, ba gidana ba ne.

Talata, 29 ga Oktoba, da rana

Jif ɗin Kanar ya wuce sau biyu, a hankali. Maza sun zauna a ƙofar gidan Cleto da addunansu, wai inuwa suke sha. Valdeci ne a kan turmin Inna.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da hantsi

Motar ƙungiya ta zo da sassafe. Za a kai shi babban birni wurin lauyan coci, daga can kuma sai inda ba za a faɗa mana ba. Nazaré da yara da tukwane da kaji biyu duk an loda. Valdeci ne ya ɗora masa buhun garin rogo, ba su yi wa juna magana ba.

Na ba shi carbin Inna. Ya ce, "Yaya, ki riƙa ba lemon ruwa." Na ce ai ba sai ya faɗa min ba. Ya kama gefen rigata kamar zai ce wani abu, direba ya danna ham, ya saki.

Na yi faɗa da kowa don kada a cire shi daga ƙauyen nan, ga shi ni na fitar da shi. Ba na nadama. Amma zuciyata ciwo take, kuma ba na son kowa ya ce min na yi daidai.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Yau ranar tunawa da matattu, mun je kunna kyandir. Na share kabarin Inna. Zuleide na durƙushe a na Deusdete, ashanarta ta jiƙe, na miƙa mata tawa ta karɓa. Ba mu yi magana ba, amma mun dawo hanya ɗaya.

A bakin maƙabarta Valdeci ya tare ni, hula a hannu. Ya ce, "Dona Joventina, tunda gidan ya zama kango, ashirin da bakwai fa? Ɗan Firmino ya yi aure, ba shi da rana. Ko a ba shi?"

Na ce a nema masa wata, wannan tana da mai ita. Ranar ashirin da bakwai ya kawo ta gidan Inna kamar kullum, zai same ni na yi shara na ɗora kofi. Zan rataya ragata in kwana da ita, kashegari in kai wa komadre, har ranar da maigidan zai dawo ya karɓi aikinsa.

Ya ce, "In bai dawo ba fa?"

Na ce, "Kai dai ka kawo ta."